Ludayi Ɗaya na Ƙullun Iya Sikira

Da sunan Allah nake farawa. Salamu alaikum Nasiru, Autana. Ni ce Innarka nake magana daga nan Fagge, Sadiya 'yar maƙwabciyarmu Iya Sikira Bayarabiya ce take rubutawa. Dawowarta ke nan daga makarantar da take koyarwa, ko ruwa ba ta sha ba na tare ta a zaure. Ina gaishe ka, ina tambayar gajiyar hanya da baƙunta. Allah ya sa ƙasar Ikko ta karɓe ka, Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya raba ka da mugun ji da mugun gani. Mu nan lafiya lau. Ba labarin unguwa ne ya sa na zaunar da 'yar mutane ba, don haka na bar shi.

Auta, tsoro nake ji. Ka san ni, ban taɓa wuce Zariya ba. Tun da sojoji suka koma bariki aka ce mulki ya dawo hannun farar hula, komai gudu yake yi, har wayar da ba ta da igiya na gani a hannun mutane suna tafe suna magana su kaɗai kamar masu taɓin hankali. Akwatin kwamfutar nan naka ma da kake zama a gabansa, ban taɓa yarda na share kusa da shi ba. Amma duk ba su ne suka hana ni cin abinci ba. Halinka nake tsoro, don na san inda ka samo shi.

Shekaranjiya abokinka Nedu ya zo gaishe ni. Ya zo ganin mamansa a Sabon Gari, zai koma Ikko wurin aikin nan naku. Na ce masa, "Nedu, zauna nan. Ka ci wainata tun kana yawo ba wando, yau gaskiya za ka gaya min. Me ya haɗa ka da ɗan'uwanka har ya tafi bai yi maka sallama ba, alhali kai ka yi masa hanyar aikin?"

Ya ce, "Inna, ai ba faɗa muka yi ba."

Na ce, "To me kuka yi, rawa?"

Ya yi dariya. Ka san shi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya ce, "Inna, duk aikin da mutum zai rubuta wa kwamfuta, akwai abubuwan da kowa sai ya buƙace su. Lissafin kwanan wata, buga rasit a takarda, kulle aiki don kar ɓarawo ya shiga. Waɗansu mutane sun riga sun rubuta su, jama'a da yawa sun gwada, an gyara an sake gyarawa, an ajiye inda kowa zai ɗauka. Shi muke ce wa laburare. Ka ɗauko ka sa a aikinka, ka wuce zuwa abin da aka ɗauke ka dominsa."

Na ce, "Su wane ne mutanen? 'Yan wace unguwa?"

Ya ce, "Wallahi ban taɓa ganinsu ba."

Na ce, "Kai yaro, ka ci daga hannun wanda ba ka sani ba?"

Ya ce, "Inna, kin san wanda ya noma shinkafar da kike waina da ita?"

Ɗan banza, ya rufe min baki a zaurena.

Shi ya tuna min da aikin Alhajin nan mai madara da sukari a Kasuwar Singa, wanda ya ce ka yi masa abin da zai riƙa sanin kayan da suka shiga sito da waɗanda suka fita. Ka yi, Alhaji ya gani ya yaba, saura wurin buga rasit kawai. Nedu ya kawo maka shi a shirye cikin ɗan faifan kwamfuta, ka ƙi. Ka ce sai ka ƙera naka tun daga tushe. Ka zauna idanunka suka yi ja kamar gauta, azumi ya zo ya wuce, Alhaji ya gaji da gobe-gobe ya ba wani. Sannan ka dubi Nedu ka ce masa shi ba ma'aikaci ba ne, ɗan haɗe-haɗe ne. Duk da haka da aka nemi mutum a wurin aikinsu a Ikko sunanka ya faɗa. Ya ce min gwaji suka ɗauke ka, kuma a can aiki na taro ne, kowa daga rumbu ɗaya yake ɗiba. In ka ce ba za ka taɓa na kowa ba, ba za su tsaya lallashinka ba, za su ce ka kama hanyar Kano.

Ranar da ka ƙi faifan nan ina bayan labule ina tsince shinkafa. Na ji ka ce masa, kayan aro ba ya rufe katara. Auta, a bakina ka ji wannan maganar. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To bari in gaya maka inda maganar ta kai ni.

Lokacin da babanka, Allah ya jiƙansa, ya kawo ni Fagge, ba a san yis na leda ba. Ƙullun waina ba ya tashi sai an zuba masa ragowar ƙullun jiya, wanda ya riga ya yi rai. Mu a layinmu uwar ƙullu muke ce masa. Kuma wani lokaci naki yana mutuwa, zafi ya yi masa yawa ya lalace, ko sanyi ya kwantar da shi. Sai ki ɗauki ƙwaryarki ki leƙa gidan maƙwabciya ta zuba miki ludayi ɗaya. Ba a hanawa, ba a saye, ba a gori. Gobe nata ya mutu ta zo gidanki. Ba wadda ta san wace ce ta fara shi. Iya Sikira ta ce ita a wurin wata tsohuwa Banufiya ta samu, Banufiyar kuma Allah kaɗai ya san inda ta samo.

Ni ma ina karɓa da farko. Sai wata rana wani mai ɗinki ya ci wainata ya ce, "Kai, yau kamar ta Iya Sikira." Yabo ya yi fa, bawan Allah. Ni kuwa sai na ji kamar ya watsa min ruwan zafi. Na ce wato ni ba ni da hannu ke nan? Daga ranar na rantse wa kaina ba zan ƙara tsallaka layi da ƙwarya ba. In nawa ya mutu sai in rufe tanda in zauna ina rainon sabo, masu saye su zo su koma.

Sadiya tana dariya, wai ta san labarin. Rubuta dai, ke kuma.

Ranar da abin ya kai maƙura, an ba ni aikin wainar suna a wani babban gida a Rijiyar Lemo. Na tashi da safe na buɗe tukunya, ƙullu yana kwance shiru kamar ruwan randa. Ina jiyo ƙamshin tandar Iya Sikira ta kan katanga, nata ya cika har yana tumbatsa. Babanka ya ce, "Hauwa, ki leƙa mana." Na ce, "Malam, kayan aro ba ya rufe katara." Ya sa hularsa ya fita, shi ba mai dogon zance ba ne. Na toya shi haka. Waina ta fito daƙau, nauyi kamar dutse. Matan gidan sunan suka raɗa mata suna wai jifan shaiɗan, suka ce a ajiye wa masu zuwa Makka. Sunan nan ya bi ni shekaru, har yara suna tsayawa a ƙofa su ce, "Inna, a ba mu na jifa."

To ga abin da ban gane ba sai da furfura ta fito. Ƙullu ba zane ba ne. Zanen aro ana ganinsa a jikinka a ce na wance ne, kuma dole ka mayar. Ludayin ƙullu kuwa in ya shiga tukunyarka ya zama naka. Shinkafa taka, wuta taka, hannun da ya san lokacin juyawa naka ne. Masu zuwa ƙofata ba don uwar ƙullu suke zuwa ba, wannan kowa yana da ita. Don gefen wainata suke zuwa, yadda yake soyuwa ya yi ƙarau cikin kuma laushi. Wannan ba wadda ta iya shi a layin sai ni, na faɗa da bakina, Sadiya ma ga ta nan ba ta musa ba. Kai ma Alhajin Singa ba don rasit ya zo wurinka ba, rasit ko wane shago yana bugawa. Ya zo ne don kai ka zauna a sitonsa ka ga yadda yaransa suke sauke kaya, ka gane ciwon kansa. Ka ba shi abin da yake naka, sannan ka rasa shi a kan abin da yake na kowa. Ka ajiye ƙarfinka a inda ba mai yi sai kai, Auta. Sauran ka miƙa ƙwarya.

Kuskurena na biyu kuma a kan injin markaɗe ne. Da aka fara kawo shi bakin kasuwar Sabon Gari, mata suka yi ta tururuwa da bokitai. Ni na ce Allah ya kiyaye in kai shinkafata inda ta kowa take wucewa. Na ci gaba da durƙusawa a kan dutsen niƙa. Ka ga kafaɗar nan tawa ta dama da ba na iya ɗaura ɗankwali da ita sai na sunkuya? Ba tsufa ba ne, dutse ne. Matan da suka je inji sun gama sun yi wanka sun kai yara makaranta, ni ina nan ina gurza ina jin kaina wata gwana.

Na kawo maganar injin ne don wani abu da Nedu ya ce, wai shi folagin. Na ce shi kuma wane dabba ne? Ya ce, "Inna, kin ga injin markaɗe? Uwar injin ɗaya ce, mai ƙara da hayaƙi. In za a yi markaɗe a ɗaura mata bel a kan wannan baki, in za a niƙa gari a mayar da bel ɗin kan wancan, in ɓarza ce ga nata. Mai injin ba ya sayen sabuwar uwa don kin kawo dawa. To folagin shi ne bakin da ake ɗaurawa." Na ce to ai wannan ko ni na gane. Kuma na tuna mai injin nan bai ƙera ko ɗaya a cikinsu ba, amma duk Sabon Gari ba wanda ya ce masa ɗan haɗe-haɗe. Injin wane ake cewa, da sunansa. Sanin bakin da ya dace da hatsin da aka kawo, da yadda za a ɗaure shi kar ya tsinke ya fasa wa mutum ido, shi ma aiki ne. Kai ma in za ka gina naka, ka bar masa wurin ɗaura bel, don wanda zai zo bayanka da dawarsa.

Sadiya ta ce hannunta ya gaji kuma an kira la'asar. Za mu ɗora.

To Auta, in ka ga rubutu ya canza kar ka tsorata. Yau gari ya waye ina Sabon Gari, a ɗakin Maman Nedu, Ngozi ƙanwarsa ce ta karɓi biro. Da ƙafata na zo. Na tsallaka titin nan da 'yan acaɓa suke wucewa kamar an koro su, ina salati har na iso. Maman Nedu tana gaishe ka, ta ce a gaya maka kai ɗan banza ne, kuma ta ajiye maka fushinta sai ka dawo.

Kar ka ce Inna ta ce in kwashi duk abin da na gani in zuba a aikina. A'a. Saura kuskure na uku, kuma shi ya fi ba ni haushi. Da kafaɗa ta ƙi, dole na ɗauki bokiti na je inji. Ban tambayi kowa yadda ake yi ba, don kar a ce ban sani ba. Ashe matan nan kafin a zuba nasu sai sun leƙa sun ga me aka markaɗa a gabansu, su sa a ɗauraye, su tari na farkon da ya fito su ɗanɗana a harshe. Ni na miƙa kawai na juya baya. Wadda ta riga ni attaruhu ta markaɗa. Wainar ranar duk wanda ya ci sai ya nemi randa. Maimakon in ce laifina ne da ban duba ba, sai na ce kun gani ko, dama na faɗa, na koma kan dutsena na ƙara wasu shekaru. Kaza ta taka wuta sau ɗaya, ta ce ta daina shiga tsakar gida.

Na ba Nedu wannan labarin yanzu, yana nan yana ɗaure jakarsa. Ya ce, "Inna, haka muke yi. Kafin mu ɗauka sai mun duba masu shi suna nan suna kula da shi ko sun yi watsi da shi, mu ji abin da waɗanda suka riga mu amfani da shi suka ce, mu gwada a gefe kafin mu zuba a babban aiki." To ka ji. Ka ɗanɗana kafin ka zuba. In ɗaya ya ƙona maka baki ka tofar ka nemi wani, kar ka yi fushi da kasuwa gaba ɗaya. Kai da kake da ido a kan aibin aikin mutane, ai nan ne idon naka zai yi musu amfani.

Kuma akwai dokar layinmu da ban gaya maka ba. In mace ta ga ƙullunta ya ɓaci bayan ta riga ta ba wasu, ba ta yin shiru. Take za ta aika gida-gida a ce kar a zuba, wadda nata yake da kyau ta raba wa kowa sabo. Kafin hantsi duk layin ya gyaru. Ni da nake zaune da nawa ni kaɗai, in ya ɓaci ba mai gaya min, sai dai in ji a bakin masu saye. Nedu ya ce abin nasu ma haka yake, in mutum ɗaya ya gano ɓaraka aka ɗinke, duk masu amfani da shi sun huta, amma wanda ya ƙera nasa a ɓoye shi kaɗai zai yi ta fama da ramukansa. Saboda haka in ka ɗauka ka ga aibi, ka faɗa. In ka iya gyarawa ka gyara ka mayar. In ka yi wani abu mai kyau da ka san wani zai buƙata, ka ajiye a rumbun. Wanda yake zubawa ba ya jin kunyar ɗiba.

Yanzu bari in gaya maka abin da na yi jiya bayan Sadiya ta tafi salla. Na ce a raina, Hauwa, kina aika wa yaro wa'azin da ke ba ki yi ba. Ka san duk layin an koma yis, Iya Sikira ce kaɗai har yau take riƙe da tsohuwar uwar ƙullun nan. Na ɗauki ƙwarya na tsallaka. Na yi sallama. Tana zaune a kan tabarma tana jan carbi, ta ɗago ta dube ni, ta dubi ƙwaryar.

Ta ce, "Hauwa, wa ya mutu?"

Na ce, "Ba wanda ya mutu. Ƙullu na zo nema."

Ta ce, "Sai yau? Tun ina da haƙora yake jiranki, har ya yi jikoki."

Na ce, "Za ki ba ni ko sai kin gama gorin?"

Ta ce, "Ba a gori a kan ƙullu, kin manta doka? A kan taurin kanki nake yi."

Ta tashi da ƙyar tana dafa bango, ta zuba min ludayi ɗaya, ta ƙara rabi. Muka tsaya muna kallon juna kamar sababbin amare, sai ga mu muna dariya har da hawaye. Shi ke nan fa, Auta. Abin da na yi rabin rayuwata ina gudu, bai kai tsawon gaisuwa ba.

Na kwaɓa, ya tashi har ya ɗaga murfi. Da safen nan na toya, na naɗe maka a ganye na sa a kwano. Motar su Nedu yau za ta tashi, ya ce za ta kai ba ta lalace ba in ka ɗumama. Ka ci, sannan ka aiko ka gaya min gaskiya tsakaninka da Allah: wainar Iya Sikira ka ci, ko ta uwarka?

Kuma ka dubi takardar nan da take hannunka. Ban san alif ba, ban san baƙin boko ko ɗaya ba. Rabinta hannun 'yar Yarbawa, rabinta hannun 'yar Ibo, biron ma ban san mai shi ba. Akwai inda ka karanta ka ji ba muryata ba ce?

Na tsufa, Nasiru. Ba na tsoron tafiya, kowa zai tafi. Ina tsoron in tafi in bar ka a garin da ba ka da kowa, kana durƙushe a kan dutse, inji yana ƙara a bayan katangarka. Ka riƙe aikin nan. Kana da kai, wannan ban taɓa shakka ba, kuma na san za ka fi su duka in ka yarda ka zama ɗaya daga cikinsu.

Allah ya yi maka albarka. Allah ya tsare ka a hanya da masauki, ya kare ka daga sharrin ruwa da na mota da na mutum, ya sa ka gama da duniya lafiya. Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka riƙa ɗaga ido daga akwatin nan kana kallon nesa. Allah ya sada mu da alheri, amin.

Na ƙi ba direba saƙon nan da gangan, na ce sai dai Nedu ya kai maka hannu da hannu. In har kana karantawa, to ka riga ka miƙa hannu ka karɓi abu daga wurinsa, kuma ga shi ba ka mutu ba. Kar ka bar shi a tsaye a ƙofa. Wainar ta mutum biyu ce.

Ni ce mahaifiyarka,
Hauwa mai waina, Fagge.